Tambaya da Amsa: Yaya Zan Gode wa Mutanen da Suka Ciyar da Ni a Khartum?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce da yaƙin Sudan ya rutsa da ita a Khartum a shekarar 2023, lokacin ina aji uku a fannin haɗa magunguna. Mun shafe fiye da kwana goma a ɗakunan kwananmu kafin mu samu motocin da suka kwashe mu zuwa iyakar Masar, kuma tun a kwana na huɗu abincinmu ya ƙare, ga shaguna a rufe, babu wuta, babu ruwan famfo. Wani dattijo mai gidan burodi a bayan layinmu, shi da wasu samarin unguwa, su ne suka riƙa kawo mana burodi a ƙunshe cikin zanen gado kafin asuba, ba su taɓa karɓar ko sisi ba. Ranar da za mu tafi, saboda ruɗewa, ko sallama ban yi musu ba. Lambar waya ɗaya da na karɓa ta daina shiga. Yanzu ina gida na koma karatu, amma duk sanda na ga burodi a teburin mai shayi sai in ji wani nauyi a ƙirjina. Shin ina da laifi? Kuma ta yaya zan gode wa mutanen da ban san ko suna raye ba?
Daga wata ɗaliba, Anguwan Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba ki da laifi, domin wanda ake luguden wuta a kansa ba a tuhumarsa da rashin sallama, kuma na tabbata dattijon nan da ya ji motocinku sun tashi, hamdala ya yi, bai tsaya lissafin wanda ya leƙo ya ce masa sai wata rana ba. Nauyin da kike ji kuwa ba zan ce ki yar da shi ba, don alama ce ta zuciya mai rai, sai dai ina so mu duba inda ya kamata ki sauke shi.

Da farko ya kamata ki san girman abin da aka ba ki, domin godiyar da ba ta san kuɗin kyauta ba takan yi ƙaranci. Yaƙin ya ɓarke ne ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin gwamnati ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa, wato RSF, na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti, kuma ya faɗo ne a goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowa yake shirin Sallah. Don burodi guda ya iso hannunki a irin waɗannan kwanaki, sai da wani ya fita neman ruwa da jarka a titin da maharba suke kan benaye, wani ya samo itace ko ya tatso man janareta, wani ya tsaya a bakin tanderu cikin zafin Khartum na watan Afrilu da ƙishirwar azumi a maƙogwaronsa, sannan wani ya saɓa ƙunshin ya bi lungu cikin duhu. Fulawar da dattijon ya kwaɓa kuma ita ce jarinsa, ya san sarai idan ta ƙare babu motar da za ta kawo masa wata. Ya zaɓi ya ciyar da baƙin da ba danginsa ba, waɗanda ya san gobe ko jibi za su tafi su bar shi cikin wutar.

Abin da kika gani a layinku ɗan tsiro ne na abin da daga baya ya zama babbar bishiya. Samarin unguwanni, waɗanda da yawansu suka fito daga kwamitocin da suka yi gwagwarmaya da mulkin Umar al-Bashir a 2018 da 2019, sun kafa abin da suka kira ɗakunan agajin gaggawa, suka kuma farfaɗo da tsohuwar al'adar takiyya, wato wurin girki na jama'a irin wanda aka sani a zawiyoyin shehunan ɗariƙa, inda duk wanda ya zo da kwano za a zuba masa ba tare da an tambaye shi daga ina yake ba. Mutanen Sudan suna da wata kalma, nafir, wadda ma'anarta daidai take da gayyarmu: a yi shela, kowa ya fito da hannunsa da abin da ya mallaka, a taru a yi wa mutum ɗaya aikin da ya fi ƙarfinsa. Da wannan gayya suka riƙa dafa wake da kunu da kisra, wadda ake yi da ƙullun dawa a shimfiɗa shi siriri a kan ƙarfe mai zafi, suna ciyar da unguwannin da manyan ƙungiyoyin agaji na duniya suka kasa shiga. Kuɗin da yawa daga 'yan Sudan mazauna ƙetare yake zuwa ta waya, shi ya sa da aka katse sadarwa a watan Fabrairun 2024 tukwane da dama suka daina tafasa, haka kuma da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025 ɗaruruwan wuraren girkin suka rufe. An kama wasu daga cikin masu aikin, an kashe wasu, kowane ɓangare yana zarginsu da yi wa ɗaya aiki. Yaƙin ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu, kuma a watan Agustan 2024 aka tabbatar da cewa yunwa ta kai matakin da take kisa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke kusa da birnin Al-Fashir a yankin Darfur. A shekarar 2025 aka ba waɗannan ɗakunan agaji lambar yabo ta Rafto a ƙasar Norwe, kuma na ji daɗin hakan matuƙa, ko da yake lambar ba ta cika tukunya.

Ina so in yi gyara a kan wata kalma a nan. Mu a Nijeriya idan aka ce 'yan sa-kai, hankalin mutane yakan tafi ga masu gadin gari da bindigar toka, har kalmar ta kusa rasa ma'anarta ta asali. Sa-kai kuwa shi ne mutum ya miƙa kansa ga aikin da ba wanda ya tilasta masa kuma ba wanda zai biya shi, kuma samarin da suka kawo miki burodi sun fi kowa cancantar wannan suna.

To, yaya za ki gode musu? Manzon Allah (SAW) ya karantar da mu cewa wanda aka yi wa alheri ya rama, idan kuma bai samu abin ramawa ba, ya yi ta yi wa mai alherin addu'a har sai ya ji a ransa cewa ya saka masa. Wannan ƙofa a buɗe take gare ki yau da dare, ba ta buƙatar lambar waya, kuma tana isa ga mutum ko yana Khartum, ko yana sansanin gudun hijira a Chadi, ko yana kabari. Ki ware musu wuri a sujadarki, ki ambace su da siffofin da kika sani, Allah ya san sunayensu.

Bayan haka kada ki yanke ƙauna da samunsu. Ki tuntuɓi abokan karatunki da kuka fito tare, domin a cikin ɗalibai masu yawa da wuya a rasa wanda ya riƙe wata lambar ko ya san sunan gidan burodin. Kada kuma ki manta akwai Hausawa masu ɗimbin yawa a Sudan, tun daga zuriyar mahajjatan da suka bi ta ƙasa suka zauna, har zuwa mutanen garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma zumunci tsakaninsu da 'yan uwansu na nan bai yanke ba. Sai dai ina jan kunnenki da abu biyu. Kada ki sa hoton kowa ko sunan layinsu a Facebook da sunan cigiya, domin a wurin da ake farautar masu ciyarwa, yabonki yana iya zama sammaci a kansu. Kuma kada ki tura kuɗi ga asusun da ba ki san mai shi ba don kawai an lika masa hoton yara masu yunwa. Ki bi ta hannun mutumin da kika sani ido da ido, wanda shi ma ya san mai karɓa.

Idan duk wannan bai yiwu ba, to bashin yana nan, kuma ana biyansa ga mai yunwar da ya fi kusa da ke. Ba sai kin je nesa ba. Tun rikicin Mangu na 2023 da hare-haren Bokkos da Barikin Ladi na ƙarshen waccan shekarar, akwai iyalai, Musulmi da Kirista, da suka bar gonakinsu suka raɓe a gidajen dangi da makarantu a wannan jiha tamu. Dattijon Khartum bai tambaye ki ƙabilarki ba kafin ya ba ki, ke ma kada ki tambaya.

TAMBAYA: Malam, ina ganin yawan yabon masu aikin agaji da ake yi a jaridu yana ɓata musu lada. Wanda ya yi don Allah me zai yi da godiyar mutane? Ba gara a yi shiru a bar su da Ubangijinsu ba?
Daga wani ma'aikacin gwamnati, Kubwa, Abuja.

AMSA: Ɗan'uwa, ka haɗa nauyi biyu da suke kan mutum biyu daban. Gaskiya ne Alƙur'ani, a cikin Suratul Insan, ya yabi bayin da suke ciyar da miskini da maraya da kamamme alhali su ma suna son abincin, suna cewa don Allah suke yi, ba su neman sakamako ko godiya. Wannan ladabin mai bayarwa ne. Mai karɓa kuwa nasa ladabin daban ne, domin hadisi ya tabbata cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, mu ma kuma mun gaji cewa yaba kyauta tukwici. Idan mai bayarwa ya ƙi neman godiya ya yi daidai, idan mai karɓa ya ƙi yin ta ya yi kuskure, kuma ikhlasin wani ba ya zama uzurin butulcin wani. Inda na yarda da kai shi ne wurin da ake jera mabuƙata a ɗauke su hoto da leda a hannu, a tozarta su don mai bayarwa ya yi suna. Wannan talla ce, kuma ba ita muke yabo ba. Amma mutumin da ya yi wata shida yana hura wuta babu albashi, gwiwarsa takan yi sanyi, kuma sau da yawa kalmar "Allah ya saka da alheri" daga bakin wata tsohuwa ita ce take dawo da shi bakin murhu washegari.

TAMBAYA: Malam, ni mai gidan burodi ne, shekara goma sha tara ina wannan sana'a. Ina jin labarin yadda ake gasa burodin sadaka a ƙasashen da ake yaƙi, sai nake mamakin me ya sa burodi, alhali tuwo ya fi arha kuma ya fi riƙe ciki. Sannan idan Allah ya kawo wata fitina garin nan, ba fata ba, me irina zai tanada don ya amfani maƙwabta?
Daga wani mai gidan burodi, Dilimi, Jos.

AMSA: Alhaji, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka fi ni sanin amsar rabin tambayarka, sai dai ba ka taɓa kallonta ta wannan fuska ba. Idan ka ba matar da ta gudo daga gidanta mudun garin masara, ka ba ta aiki ne tukuna: sai ta nemo tukunya, ta nemo ruwa, ta nemo itace, ta samu wurin da za ta hura wuta ba tare da hayaƙin ya tona inda take ba, sannan ta yi tunanin miya. Burodi kuwa da ya shiga hannu ya zama abinci, yaro zai ci, tsoho marar haƙori zai jiƙa a ruwa ya ci, ana sa shi a aljihu a yi gudu da shi, kuma yakan kwana biyu ko uku bai lalace ba. Ga kuma lissafin wuta: tanderu ɗaya da aka zafafa yana gasa abincin gidaje ɗaruruwa da itacen da ba zai ishi murahu ashirin ba. Kai da kanka ka san buhun fulawa mai kilo 50, idan ya sha ruwansa, yakan ba da kwaɓi wajen kilo 80, wanda idan aka yanka shi ƙanana zai kai ga bakin ɗaruruwan mutane. Ban da haka, a Masar da Sham da Falasɗinu da biranen Sudan da ƙasashen Turai, burodi shi ne tuwonsu. A Masar da Sudan ma da kalmar da take nufin rayuwa suke kiransa. Ka tuna zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar al-Bashir a garin Atbara ta fara, a Disambar 2018, ranar da kuɗin burodi ya ninka uku.

Tarihi cike yake da wannan. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningirad na Rasha ƙawanya, daga Satumbar 1941 zuwa Janairun 1944, rabon wanda ba ma'aikaci ba ya sauka har zuwa giram 125 a rana a watan Nuwambar 1941, burodin ma an cakuɗa shi da dusa da wasu abubuwan da ba abinci ba, kuma da wannan ɗan yanki, wanda bai kai tafin hannunka ba, mutane suka riƙe rai. Mu kuma a namu tarihin, a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, matar Jabir ɗan Abdullahi ce ta niƙa sa'i ɗaya na sha'ir ta kwaɓa, mijinta ya yanka 'yar ƙaramar dabba, Allah ya sa albarka har masu haƙa ramin gaba ɗaya suka ci suka ƙoshi. Annabi (SAW) kuma ya yabi Ash'ariyawa, ya ce su nasa ne shi ma nasu ne, saboda idan guzurinsu ya yi ƙasa a wurin yaƙi ko abincin iyalinsu ya ƙaranta a Madina, sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da ma'auni ɗaya.

Amma ƙarfin burodi shi ne kuma rauninsa, kuma wannan ne ya fi shafarka. Gidan burodi yana rayuwa ne da fulawa da ruwa da yis da makamashi, idan ɗaya ya yanke komai ya tsaya. A Gaza, gidajen burodi 25 da Hukumar Abinci ta Duniya take tallafa wa duk sun rufe a farkon Afrilun 2025 saboda an hana fulawa da mai shiga. Layin masu jira ma hatsari ne: a Sarayebo, babban birnin Bosniya, ranar 27 ga Mayu, 1992, harsashin igwa ya faɗa kan mutanen da suke layin burodi ya kashe da dama. Mu kuma nan mafi yawan alkamar da kuke kwaɓawa daga waje ake shigo da ita, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi a Fabrairun 2022 kuka ji shi a farashin buhu tun kafin wasu su san inda ƙasashen suke a taswira. Saboda haka hasashenka game da tuwo yana da gaskiya a ƙasarmu. Idan fitina ta wuce mako guda, abin da zai riƙe Jos shi ne masara da dawa da acca da dankalin Bokkos da Mangu, a babbar tukunya. Burodi na kwanakin farko ne, lokacin da aka sa dokar hana fita ba zato, kasuwa ta rufe, kowa ya maƙale inda yake.

Waɗannan kwanakin na farko kuwa na san su. A rikicin Nuwambar 2008, bayan zaɓen ƙananan hukumomi, muna cikin gida mu goma sha huɗu har da baƙin da hanya ta yanke musu, kuma a rana ta uku babu abin da ya rage sai gishiri da rabin galan na manja. Da la'asar muka ji ana ƙwanƙwasa langalangar bayan gida, muka yi tsit, sai ga hannu ya ɗago ta saman katanga riƙe da burodi uku, da sauran ɗuminsu, ledar ta yi gumi daga ciki. Yaron gidan burodin bayanmu ne, maigidansa ya ce kwaɓin da aka riga aka yi kafin harbi ya fara ba za a bar shi ya yi tsami ba, a gasa a bi gida-gida ta katanga. Na ga mahaifiyata ta yanka burodin nan da zare, ba da wuƙa ba, don kada ko ɓurɓushi ya zube. Mai gidan burodin ya rasu shekaru da suka wuce, kuma har yau ban wuce ƙofar gidansa ba tare da na yi masa addu'a ba.

Don haka abin da zan ce ka tanada ba shi da yawa. Ka riƙa ajiye 'yan buhunan fulawa da ba ka taɓawa sai dai ka juya su, kana amfani da tsoho kana maye gurbinsa da sabo don kada ƙwari su shiga, tare da busasshen yis da gishiri da itacen kwana uku, da tankin ruwa a cike. Idan tanderunka na gas ne ko na lantarki, kada ka rushe tsohon na itace. Ka rage sukari da bota a irin wannan rana, ka yanka ƙanana, domin manufar ita ce ya kai ga baki da yawa. Kada ka tara mutane a ƙofarka. Ka san tun yanzu mutum ɗaya amintacce a kowane layi wanda zai karɓa ya raba, ka kuma yi magana da mai unguwa da limami da shugaban cocin da yake kusa da kai tun ana zaman lafiya, domin ranar da hankali ya tashi ba ranar fara sanin juna ba ce. Yaranka masu kwaɓi kuma kada ka tilasta wa kowa ya kwana, wanda ya tsaya da son ransa ka kula da iyalinsa.

Ba lallai ne ma ka jira fitina ba. Ka ware kwaɓi ɗaya a daren kowace Alhamis, a kai wa masu jinya a asibiti ko iyalan da suka yi gudun hijira da safiyar Juma'a, don hannun yaranka ya saba kuma ka gane tun yanzu waɗanda za ka iya dogara da su. Za ka buƙaci mai riƙe lissafi da rabo, kuma ɗalibar da wasiƙarta ta buɗe wannan shafi tana Anguwan Rogo, tafiyar Keke Napep ɗaya daga wurinka. Idan ita da iyayenta sun amince, ku duka biyu ku aiko wa ofishinmu saƙo, za mu haɗa ku.